Daga Rasit ɗin Haraji Zuwa Kukis: Yadda Hukuma Ke Rubuta Sunan Talaka a Kankiya da Kusada

Duk wanda ya haura shekara sittin a ƙasar Kankiya ko Kusada ya san ranar da malamin haraji ke sauka gari. Tun kafin kaka ta kama ake aiko da sanarwa. A shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan magaji, malam ya jingine kekensa, ya buɗe kundi mai layi-layi a kan cinya, masu unguwanni su zauna a gefe. Sai a fara kira gida-gida: wane ɗan wane, da ƙanensa wane, da ɗansa da ya tasa. Wanda ya rasu a soke shi, wanda ya yi ƙaura a yi masa alama, saurayin da aka ga ya isa riƙe garma shi kaɗai a ɗora shi a layi. A nan ne ake kai ruwa rana. Uba ya rantse yaron nan tsawo kawai ya yi, mai unguwa ya sunkuyar da kai don ya san shekarar da aka raɗa masa suna, malam kuwa ya ɗaga alƙalami yana jiran ya ga wanda zai saki.

Wannan kundi shi ne rumbun bayanai na farko da hukuma ta mallaka a kan talakan wannan yanki, kuma daga shi zaren ya taho har zuwa ɗan akwatin nan da ke faɗowa a fuskar waya yana neman a amince da kukis.

Haraji dai ya riga Turawa zuwa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Katsina a farkon 1851, ya tarar kowane magidanci na biyan wuri 2,500 kuɗin ƙasa. Ga zakka, ga jangali a kan shanu, ga kuɗin rafi, ga na karofi a kan marina. Amma fada jimilla take nema. Hakimi yana zaune a birni, jakadansa ke kewaya ƙauyuka, kuma sanin wa ya biya wa bai biya ba yana cikin kan mai gari da dattawansa. In mai gari ya mutu, rabin lissafin ya bi shi kabari.

Zuwan Lugga Katsina a 1903 ne ya sauya wannan. A 1906 aka yi dokar da ta dunƙule harajoji iri-iri wuri guda, a shekarar kuma aka ɗora Muhammadu Dikko a kan gadon sarauta. Shi da jami'in Turawa H. R. Palmer suka kafa Baitulmali a Katsina, wanda shi ne na farko a Arewa, sauran masarautu suka kwaikwaya. Aka yanka wa sarki da hakimai albashi maimakon kaso, aka kuma tura hakimai su tare a gundumominsu. Baitulmali ba ya tafiya da "wajen kaza" ko "kusan kaza". Ma'aji na son ya san mutum nawa ne a Rimaye, nawa ne a Kafin Soli, nawa ne a Yashe da Mawashi, kuma nawa ya kamata kowane gari ya kawo. Daga nan aikin malanta a En'e ya samu kasuwa. Makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawar Kano a 1909, da makarantun da suka biyo bayanta a Katsina, su suka riƙa yaye masu riƙe alƙalamin. A hankali boko ya ture ajami daga kundin hukuma, sulalla suka ture wuri, gyaɗa kuwa, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ta zama hanyar da manomi ke samun kuɗin da zai biya.

Tsarin ya zama tsani: mai unguwa ya kai wa dagaci, wanda a ƙasar Katsina aka fi kira magaji, magaji ya kai wa hakimi, hakimi ya kai birni, Di'o ya zo rangadi ya duba ko lissafi ya yi daidai. Sarautun Kankiyan Katsina da Bebejin Katsina, masu riƙe da Kankiya da Kusada a yau, a kan wannan tsani suke zaune, ko da yake kayan da ake hawa da su sun canza.

Abin da talaka ke samu bayan ya biya ɗan guntun takarda ne, rasit. Kada a raina shi. Shekaru da dama rasit ɗin haraji shi ne katin shaidar ɗan Arewa. Ɗan ci-rani da zai nufi Kano ko Jos ko Ikko sai ya naɗe shi ya cusa cikin hula ko ya ɗinke shi a fata kamar laya, don ɗan doka na iya tare shi a kasuwa ko a tasha ya ce ya nuna. In babu, sai ya kwana a hannu. Takardar ba ta ɗauke da hoto, ba ta da zanen yatsa, amma tana faɗin abu uku da hukuma ke son sani: sunan mutum, garinsa, da cewa ya riga ya bi ta hannunta a bana.

Fulani nasu ƙidayar da damina take zuwa. Labarin yadda ake raba garke biyu, a kora rabi cikin daji kafin malamin jangali ya iso, ko a tsallaka da shanu gundumar maƙwabta har ƙura ta lafa, ba baƙon labari ba ne a rugagen yankin. Kowa ya fahimci ƙa'idar: abin da ya shiga kundi, za a biya a kansa.

Sai kuma aka haɗu da al'ada. Bahaushe ba ya son ƙirga 'ya'yansa a bainar jama'a, yana tsoron baki. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mace ba ta kiran sunan mijinta, baƙo kuma iyakarsa zaure. Tun kafin kowa ya ji labarin dokar kare bayanai, mutanen nan suna da kalmominsu: sirri, amana, rufin asiri. Baƙon da zai tsaya a ƙofar gida da takarda yana tambayar mata nawa ne a ciki, yara nawa, ya taɓo wurin da ba a taɓawa. Shi ya sa ƙidayar jama'a ta daɗe tana shan wahala. Ta 1931 a Arewa mafi yawanta daga littattafan haraji aka tsamo ta. Ta 1952 ta shiga gida-gida, amma mutane da yawa sun ɗauka sabon haraji ne ke tafe, suka rage.

Siyasa ce ta juya lissafin. Da aka gane cewa yawan jama'a shi ke kawo kujerun majalisa da kason kuɗi, sai masu ɓoyewa suka koma masu ƙarawa, a kowane ɓangare na ƙasar. Aka soke ƙidayar 1962, aka sake a 1963 aka ce mutum miliyan 55.6, aka soke ta 1973 baki ɗaya. Ta 2006, wadda ita ce ta ƙarshe, ta ba ƙaramar hukumar Kankiya mutum sama da dubu 150, Kusada kuma kusa da dubu 100, a cikin jihar da aka ce tana da miliyan 5.8. A wannan ƙidaya gwamnati ta cire tambayar addini da ta ƙabila daga fom ɗin. Dalilin siyasa ne, amma darasin ya wuce siyasa: hukuma ta yarda cewa akwai bayanin da rashin tattara shi ya fi tattara shi zaman lafiya.

To, wa ke tsaron kundin En'e? Gaskiya a lokacin babu wata doka da ta ba talaka ikon cewa a nuna masa abin da aka rubuta a kansa. Abin da ya tsare shi takarda ce da nisa da kwaɗo. Kundin Kusada yana Kusada ko yana Katsina, wanda ke son karanta shi sai ya hau mota, sai kuma ya san wani. Gara da ɗigon rufi sun cinye da yawa. Waɗanda suka tsira, musamman rahotannin Lardin Katsina, suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, inda ɗalibai ke buɗe su yau. Haɗarin a lokacin daga na kusa yake fitowa. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a watan Agustan 1950, ɗaya daga cikin manyan koke-kokenta shi ne yadda ake ƙara wa ɗan adawa haraji, ko a karɓi kuɗi a hana rasit, ko a bar sunan mamaci a layi iyalansa su ci gaba da biya. Mai riƙe da kundi yana riƙe da wuyan wanda ke ciki. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe babin En'e, Kankiya ta zama ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin tsohuwar Jihar Kaduna, sannan a watan Oktoban 1979 Gwamna Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya soke haraji da jangali. Cikin na hannun damarsa har da masanin tarihin Katsina, Dakta Yusufu Bala Usman, haifaffen Musawa, nan maƙwabtan Kankiya.

Abin da ya biyo baya ya zo a guje. A 1979 aka yi dokar katin ɗan ƙasa, amma sai a 2003 aka yi rajistar gama-gari, a kwangilar dala miliyan 214 da kamfanin Sagem na Faransa, wadda ta ƙare da badaƙalar cin hanci har aka gurfanar da manyan jami'ai. A 2007 aka kafa hukumar NIMC mai ba da lambar NIN, mai alƙaluma 11. A 2011 aka tilasta rajistar layin waya da hoto da zanen yatsa, a shekarar kuma hukumar zaɓe ta yi rajistar masu jefa ƙuri'a da na'ura. A 2012 aka fara raba wa manoma takin gwamnati ta saƙon waya. A Fabrairun 2014 Babban Banki ya ƙaddamar da BVN. A Disambar 2020, lokacin Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa, aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, kuma a Afrilun 2022 aka toshe kiran layuka sama da miliyan 70 da ba su haɗa ba. Daga 2021 ɗalibi ba ya rajistar JAMB sai da NIN.

Jikan mutumin da ya ɓuya a rumbu don kada malamin haraji ya rubuta shi, shi ne ya yi sammako ya kama layi a sakatariyar ƙaramar hukuma don a rubuta shi. Ba shi da laifi. Yau wanda ba ya cikin kundi ba ya samun tallafi, ba ya buɗe asusu, ba ya kiran ɗan'uwansa, ɗansa ba ya zana jarrabawa. Da, shiga kundi biya ne. Yanzu karɓa ne, ko aƙalla fatan karɓa.

Mafi yawan wannan rubutu ba a ofis ake yin sa ba. A shagon kwamfuta ake yi, irin waɗanda ke bakin titin Kano zuwa Katsina, masu janareta a ƙofa da injin hoton takarda a lungu. Magidanci ya shigo da ɗansa za a cika fom ɗin ɗaukar aikin ɗamara, ko na bashin karatu da gwamnati ta fara bayarwa a 2024. Yaron shago ya ce, Baba kawo NIN ɗinsa, kawo BVN, wace lamba za a turo wa saƙo? Shi zai buɗe imel ɗin, shi zai zaɓi lambar sirri, sau da yawa sunan yaron da shekarar haihuwarsa, ya rubuta a bayan wata takarda. Shafin hukuma ya buɗe, akwati ya faɗo da dogon Turanci, yaron shago ya danna maɓallin amincewa kafin uban ya ɗago kai. An biya ɗari biyar ko dubu, an tafi. Hoton takardar NIN ɗin da bai fita sosai ba yana nan cikin kwali a ƙarƙashin tebur, wata rana mai ƙosai ta naɗe ƙosai da shi.

Me aka amince da shi a wancan akwati? Kukis wani ɗan guntun rubutu ne da shafin intanet ke ajiyewa a cikin wayar mai ziyara ko kwamfutarsa. Wani injiniyan kamfanin Netscape a Amurka, Lou Montulli, ya ƙirƙiro shi a 1994 don magance wata matsala: shafi ba ya tuna kowa, duk dannawa ɗaya sabon baƙo yake gani. Sai aka ce to a ba baƙon rasit. In ya shiga da lambar sirrinsa, shafin ya cusa masa ɗan rubutu a aljihu, duk shafin da ya buɗe na gaba sai na'urarsa ta nuna rasit ɗin, a gane shi ne, a bar shi ya wuce. Wanda ya san rasit ɗin haraji ya riga ya san rabin kukis.

Amma iri-iri ne. Akwai wanda ke gogewa da zarar an rufe manhajar shiga intanet, kuma ba tare da shi ba fom mai shafi biyar ba zai cika ba. Akwai mai zama watanni, yana tuna harshen da aka zaɓa ko sunan mai asusu. Akwai kuma na baƙi, wanda ba mai shafin ne ya ajiye shi ba. Shafukan gwamnati da yawa suna amfani da kayan ƙididdiga na Google don sanin mutum nawa suka shigo, ko su liƙa bidiyon YouTube, ko maɓallin Facebook, kuma ta waɗannan ƙofofi kamfanonin ketare na iya sanin cewa wannan waya ta leƙa shafin kaza a rana kaza. Ko ba kukis ma, babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin tana rubuta adireshin intanet na mai ziyara, irin wayarsa, da lokacin da ya shigo. Kariyar da shafi na gari ke bayarwa sananniya ce: a rikita bayanin a kan hanya yadda mai leƙe ba zai iya karantawa ba, wanda alamarsa ita ce adireshin ya fara da https, a taƙaita ma'aikatan da ke iya buɗe rumbun, a turo lambar tabbatarwa ta waya, kada kuma a tambayi abin da aikin ba ya buƙata. Duk wannan ba ya hana abu ɗaya. In an tashi daga kwamfutar shago ba a fita daga asusun ba, rasit ɗin yana nan, wanda ya zauna bayanka da shi zai shiga.

Turai ce ta fara tilasta neman izini, da gyaran doka na 2009, sannan babbar dokarta ta kare bayanai da ta fara aiki a 25 ga Mayu, 2018. A Nijeriya sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya ba da kariya ga sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da wayarsa, amma a dunƙule. Hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idoji a Janairun 2019, sannan a Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC ƙarƙashin Dakta Vincent Olatunji. Dokar ta hau kan ma'aikatun gwamnati kamar yadda ta hau kan kamfanoni. Ta ba mutum ikon tambayar abin da aka ajiye a kansa, ya sa a gyara kuskure, ya janye izininsa, a wasu halaye ma ya sa a goge. In an fasa rumbu, wajibi ne a sanar da hukumar cikin awa 72. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ƙa'idojin aiwatarwa da aka fitar a 2025 sun ce sanarwar kukis ta fito fili, kuma ban da waɗanda shafi ba ya aiki sai da su, sauran sai mai ziyara ya yarda.

An fara ganin haƙoran dokar. A Agustan 2024 hukumar NDPC ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8, kuma cikin abin da ta zarge shi da shi har da yadda yake amfani da kukis, ko da yake bankin ya musanta. A 2025 ta ci kamfanin MultiChoice sama da miliyan 766. Amma abin da ya fi tayar da hankali ya shafi kundin gwamnati ne da kansa. A 2024 aka bankaɗo wasu shafuka da ke sayar da bayanan NIN ga duk mai so, har ƙungiyar Paradigm Initiative ta sayi na ministan sadarwa Bosun Tijani a kan naira 100 don ta nuna girman ɓarakar. NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba. Ko da hakan ne, bayanin ya fita ta hannun waɗanda aka ba izinin tantancewa, wato dai matsalar malamin haraji ce ta dawo: wanda aka ba amanar kundi. A 2025 kuma hukumar EFCC ta yi gargaɗi a kan matasan da ke yawo suna sayen NIN da BVN a hannun mutane kan naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar a buɗe asusun damfara da su. Ranar da za a bi sawun kuɗin, ƙofar mai sunan za a ƙwanƙwasa.

Doka dai an yi ta, kuma mai kyau ce, sai dai an rubuta ta ne da tunanin mutumin da ke zaune shi kaɗai da wayarsa yana karanta Turanci. Mutumin Gachi ko Kofa ba haka yake shiga shafin hukuma ba. Ta hannun wani yake shiga, kuma sanarwar da aka ce ya amince da ita ba a harshensa take ba. Malamin haraji, duk da halinsa, da Hausa yake tambaya, a gaban mai unguwa, kuma ana iya yi masa gardama. Izinin da yaron shago ya danna a madadin dattijon da bai san an tambaye shi ba, da wuya a kira shi izini.

Jihar Katsina da ƙananan hukumominta, da hukumomin tarayya masu karɓar bayanan miliyoyin Hausawa, ba abin da zai ci musu in sun sa wannan sanarwa da Hausa, layi biyar kacal: me aka karɓa, don me, wa zai gani, har yaushe, ina za a kai ƙara. Kafin su yi, mai karatu, in ka shiga shago cika fom, ka zaɓi lambar sirrinka da kanka, ka tsaya har a fita daga asusun a gabanka, kuma ka karɓi duk takardar da aka buga da sunanka, har wadda ta lalace.